Cire Maimaici da Alƙaluman Manhajar Ajiya: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum ya ɗora wa manhajar ajiya aikin kwafe fayilolinsa, ta gama, ta fitar da rahoton cewa ta duba gigabait 400 amma abin da ta ƙara a ma'ajiya bai kai gigabait 2 ba. Wani kuma ya goge tsofaffin zubi goma domin ya samu sarari, ya koma ya tarar da faifan a cike kamar yadda ya bar shi. A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Manhajar tana cire maimaici ne, kuma da zarar aka fara cire maimaici, tambayar "nawa ne girman wannan kwafi?" ba ta da sauran amsa guda ɗaya. A cikin wannan bayani, "ma'ajiya" ita ce wurin da ake tara kwafi, "zubi" shi ne zagaye ɗaya na ajiya da aka yi a wani lokaci, "gutsure" kuma shi ne ɗan yankin bayanai da manhaja ta yanko daga cikin fayil.

Mene ne cire maimaici, kuma yaya ake yin sa?

Dabara ce ta ajiye kowane yankin bayanai sau ɗaya tak, ko da ya bayyana a wurare dubu, sannan a bar ishara a kowane wuri mai nuna inda ainihin yankin yake. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi shi a kan fayil ɗungurungum: idan fayiloli biyu sun yi daidai daga baitin farko zuwa na ƙarshe, sai a ajiye ɗaya, ɗayan ya zama ishara. Manhajojin yanzu sun fi zurfafawa. Sukan yayyanka fayil zuwa gutsattsari, su lissafa wa kowane gutsure tambari, wato doguwar lambar shaida da ake fitarwa daga abin da ke cikinsa, da ƙa'idar lissafi irin SHA-256, sannan su duba kundin ma'ajiya ko wannan tambarin yana nan. Idan yana nan, ba a sake rubuta gutsuren. Idan ba ya nan, sai a rubuta shi a ƙara tambarinsa a kundi. Ta haka fayil a cikin ma'ajiya yakan koma jerin tambura kawai, haɗe da sunansa, ranar da aka gyara shi da izinin wanda zai iya buɗe shi.

Tunanin ya daɗe. Tsarin LBFS da aka gabatar a 2001 ya yi amfani da yankan da ke bin abin da ke cikin fayil domin rage abin da ake turawa ta layin sadarwa mai rauni, tsarin Venti na Bell Labs da aka bayyana a 2002 kuma ya mai da tambarin kowane yanki ya zama adireshinsa a ma'ajiya. Abin da ya shafi alƙaluma shi ne wurin da ake aikin da lokacinsa. Idan ana cire maimaici tun a kan kwamfutar da ake kwafewa, abin da aka tura ta intanet da abin da aka ajiye za su kusan zama ɗaya. Idan kuwa a can ma'ajiya ake yi, za a tura komai, a ajiye kaɗan. Akwai kuma tsarin da ke rubuta komai tukuna, ya dawo daga baya ya tace, wanda a cikinsa faifai zai cika da dare a wayi gari ya ragu.

Rahoton ya nuna girma iri uku. Wanne ne na gaskiya?

Dukkansu na gaskiya ne, sai dai kowanne tambayar da yake amsawa daban. BorgBackup, ɗaya daga cikin manhajojin ajiya, alal misali, yakan jera girman asali, girma bayan matsewa da girma bayan cire maimaici, kuma yakan ba da su sau biyu, ɗaya na zubin da aka yi yanzu, ɗaya na dukan zubin da ke ma'ajiya. Girman asali shi ne abin da za a samu idan aka maido da fayilolin. Girma bayan matsewa yana nuna yadda bayanan za su kasance da a ce an matse su kawai ba a cire maimaici ba. Girma bayan cire maimaici shi ne ya fi kusa da abin da faifan ma'ajiya ya ɗauka a zahiri.

Manhajar restic ta bi wata hanyar. Umarninta na stats yana da salo huɗu na ƙirga: girman da za a maido, fayilolin da abin cikinsu ya bambanta da na juna, ainihin bayanan da ke kwance a ma'ajiya, da ƙirga ta gutsattsarin kowane fayil. Idan ba a zaɓi salo ba, girman maidowa take bayarwa, shi ya sa mutum kan ga terabait masu yawa a ma'ajiyar da ke kan faifan terabait ɗaya ya ɗauka lissafin ya rikice. Kafin a kwatanta lambobi biyu, ya wajaba a fara tabbatar da cewa abu ɗaya suke aunawa, domin sau da yawa ƙorafin da ake yi a kan wannan batu ya samo asali ne daga kwatanta girman asali na wani wuri da girman ajiya na wani wurin.

Shin cire maimaici yana rage yawan fayilolina?

A'a. Idan akwai hoto ɗaya a folda biyar, zubin zai rubuta sunaye biyar a wurare biyar, kuma ranar maidowa biyar ɗin za su dawo. Abin da ke cikinsu ne kawai aka ajiye sau ɗaya. Wannan ya sha bamban da manhajojin share fayiloli masu kama da juna, waɗanda ke goge kwafi daga faifan mutum da gaske. Inda ake samun raguwar adadi shi ne idan an nemi manhaja ta ƙirga fayiloli bisa abin da ke cikinsu, domin a wannan salon hotuna biyar ɗin ɗaya ne.

To, me ya sa adadin fayilolin da ke rahoton bai yi daidai da wanda kwamfuta ta nuna ba?

Galibi ba cire maimaici ne sanadi ba, ko da yake shi ake fara zargi. Wata manhajar tana haɗa folda da fayiloli a lamba guda, wata tana raba su. Wata tana ƙirga ɓoyayyun fayiloli da na tsarin kwamfuta, taga ta duba folda kuma ba lallai ta nuna su ba. Akwai fayilolin da aka ware da gangan a cikin saituna, kamar na wucin gadi da na kwandon shara, akwai waɗanda wata manhaja ta riƙe a buɗe aka kasa karanta su, akwai waɗanda babu izinin shiga cikinsu, sannan akwai waɗanda aka ƙirƙira ko aka goge ana tsakiyar aiki. Mahaɗin da ke nuni zuwa wani fayil shi ma wani ya ƙirga shi, wani ya bi shi ya ƙirga abin da ya nuna.

Ya kamata a lura da wani bambanci mai muhimmanci a nan. Girman ajiya ya yi ƙasa da girman asali abu ne da ake sa ran gani, amma adadin fayiloli ya yi ƙasa sosai da yadda ya kamata abu ne da ya cancanci bincike. Wanda ya ga giɓi mai yawa a adadi bai kamata ya lallashi kansa da cewa cire maimaici ne ba. Ya buɗe rahoton kurakurai da jerin abubuwan da aka ware ya karanta su layi-layi.

Na leƙa cikin ma'ajiya na ga fayiloli masu dogayen sunaye na lambobi da haruffa, ban ga nawa ba. Ina suka shiga?

Suna cikin waɗannan ɗin. Rubuta kowane gutsure a matsayin fayil mai zaman kansa zai cika faifai da miliyoyin ƙananan fayiloli, saboda haka manhaja takan tattara gutsattsari masu yawa ta ƙunshe su a babban fayil ɗaya. A restic, tun daga fitowa ta 0.14 a 2022, ana nufin kowane ƙunshi ya kai kimanin mebibait 16 (mebibait ya ɗan fi megabait girma) idan ba a canza saiti ba. Adadin fayilolin ma'ajiya ba shi da wata alaƙa ta kai tsaye da adadin fayilolin mai su: ƙananan takardu dubu ɗari na iya shigewa cikin ƙunshi kaɗan, bidiyo ɗaya kuma ya watsu a ƙunshi ɗaruruwa. Kada a goge ko a sauya sunan komai a wurin da hannu.

Na sauya sunan wata babbar folda, sai rahoton ya ce an samu dubban sababbin fayiloli, amma abin da aka ƙara kaɗan ne. Yaya haka?

Lissafi biyu ne ke tafiya tare. Ana gane fayil sabo ne ko tsoho ta hanyar kwatanta sunansa da wurinsa da abin da ke zubin baya, kuma tunda wurin ya canza, a idon manhaja dukansu sababbi ne, dole ta sake karanta su. Da ta yayyanka su sai ta tarar kowane tambari yana cikin kundi, don haka babu abin da za ta rubuta sai sabon jerin sunaye. Aikin zai ɗauki lokaci kamar na farko wajen karatu, amma ba zai ci sarari ba. Wannan yana daga cikin manyan fa'idodin cire maimaici a kan tsohuwar hanyar kwafe duk fayil ɗin da ya canza, wadda a cikinta sauya suna kaɗai kan ninka abin da aka ajiye.

Na gyara kalma ɗaya a cikin babban fayil, amma ma'ajiya ta ƙaru da megabait. Ashe ba kalmar kawai za a ajiye ba?

Gutsure shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake iya ajiyewa ko a tsallake. Idan bait ɗaya ya canza a cikinsa, tambarinsa ya canza, kuma dole a rubuta shi gaba ɗaya a matsayin sabo. A restic gutsure yakan kama daga kibibait 512 (rabin mebibait) zuwa mebibait 8, matsakaicinsa kimanin mebibait 1, a BorgBackup kuma iyakokin iri ɗaya ne amma matsakaicin ya kai kimanin mebibait 2. Fayil ɗin da bai kai ƙaramar iyakar ba gutsure ɗaya ne, wato kowane gyara a cikinsa daidai yake da sake ajiye shi duka.

Yadda ake yankan ma yana da tasiri babba, kuma a ganina nan ne ya fi dacewa mai zaɓen manhaja ya tsaya ya yi tambaya. Idan ana yanka a tsayayyen tsawo, misali kowane kilobait 64, to ƙara harafi ɗaya a farkon fayil zai ture duk abin da ke bayansa da bait ɗaya, kowane gutsure ya canza, fayil ɗin ya zama sabo fil daga farko har ƙarshe. Yankan da ke bin abin da ke cikin fayil ya magance wannan: manhaja tana zame wata 'yar taga a kan bayanan tana lissafi, duk inda sakamakon ya cika wani sharaɗi sai ta yanka a nan. Tunda bayanan ne da kansu ke nuna wurin yanka, iyakokin sukan tafi tare da su duk inda aka ture su, sai gutsure ɗaya ko biyu da ke kusa da gyaran kawai su canza. Manhajar restic tana amfani da lissafin da Michael Rabin ya wallafa a 1981, BorgBackup kuma da wanda ake kira Buzhash.

Za a iya tambaya me ya hana a ƙanƙanta gutsattsarin sosai. Amsar ita ce kowane gutsure yana da layinsa a kundi, kuma kundin yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da sararin faifai. Ƙananan gutsattsari sukan gano maimaici da yawa amma su kumbura kundi, manya kuma akasin haka.

Me ake nufi da 10:1 ko 20:1, kuma babbar lamba tana nufin manhajar ta fi kyau?

Ana raba girman asali ne da girman ajiya. 2:1 na nufin an rage kashi 50 cikin ɗari, 5:1 kashi 80, 10:1 kashi 90, 20:1 kashi 95, 100:1 kuma kashi 99. A ɗauki folda mai gigabait 100 wadda ake kwafewa kullum har kwana 30, kuma kowace rana gigabait 1 ne ke sauyawa a cikinta. Jimillar girman asali na zubi 30 gigabait 3,000 ne. Abin da aka ajiye kuwa 100 na ranar farko ne da 29 na sauran kwanaki, wato 129. Idan aka raba, za a samu kusan 23:1. A ranar farko lambar ba ta wuce 1:1 ba, kuma da za a riƙa yin zubi sau biyu a rana lambar za ta kusan ninkuwa ba tare da manhajar ta ƙara wata ƙwarewa ba.

Saboda haka wannan lamba ta fi ba da labarin sau nawa aka kwafe abu ɗaya da tsawon lokacin da ake riƙe zubi, fiye da labarin ingancin manhaja. Wasu kuma sukan cusa ragin matsewa a cikinta, wasu su ware shi. Ban ga amfanin kwatanta manhajoji biyu da ita ba sai an gwada su a kan bayanai ɗaya, da jadawali ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya.

Na goge tsofaffin zubi amma sarari bai dawo ba. Gogewar ba ta yi ba ne?

Dalilai biyu ne, kuma sukan haɗu. Na farko, gutsure ba ya fita daga ma'ajiya muddin akwai zubi ko da ɗaya da ke nuni gare shi. A misalin da ya gabata, rahoto zai ce zubin ranar farko gigabait 100 ne, amma goge shi ba zai saki fiye da kimanin gigabait 1 ba, wato yankin da aka sauya washegari, domin sauran 99 ɗin zubin da suka biyo baya suna dogara da su. Haka nan babban fayil da aka shigar bisa kuskure ba zai bar ma'ajiya ba sai an cire duk zubin da ya shiga cikinsu.

Na biyu, a manhajoji da yawa gogewa da kwashe shara ayyuka ne daban. A restic, umarnin forget yana cire zubi daga jeri ne kawai, prune ne ke bin ma'ajiya ya fitar da gutsattsarin da babu mai nuni gare su. A BorgBackup, tun daga fitowa ta 1.2, sai an gudanar da compact kafin sarari ya dawo. Ko bayan haka ba komai ne ke fita ba. Ƙunshi ɗaya yakan ƙunshi gutsattsarin da ake buƙata da waɗanda aka yasar, kuma fitar da yasassun na nufin a kwafe masu amfani zuwa sabon ƙunshi a goge tsohon. Aikin yana da nauyi, don haka restic takan ƙyale har kashi 5 cikin ɗari na sararin da ba a amfani da shi, BorgBackup kuma ba ya taɓa ƙunshin da abin da za a samu daga gare shi bai kai kashi 10 ba, sai in an canza saitin.

Akwai wani abu da nake so a riƙe da muhimmanci: wannan sake ƙunshewa tana buƙatar sarari na ɗan lokaci, domin sai an rubuta sabo kafin a goge tsoho. Wanda ya bari faifan ma'ajiya ya cika maƙil na iya samun kansa a halin da ko shara ba zai iya kwashewa ba. A bar rata tun da wuri.

Girman wani tsohon zubi ya canza alhali ban taɓa shi ba, kuma idan na tara girman dukan zubin ba ya kai jimillar da aka nuna. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Idan manhaja tana auna zubi da gutsattsarin da shi kaɗai ke da su, to lambar ta dogara da maƙwabtansa. Zubin jiya na iya nuna gigabait 5 nasa na kansa, yau a yi sabon zubi mai ɗauke da waɗannan bayanan, sai lambarsa ta faɗi zuwa kusan sifili saboda yanzu tarayya ake yi a kansu. Idan aka goge na yau, lambar ta sake tashi. Gutsattsarin tarayya ba a lissafa wa kowa su, shi ya sa tara lambobin ɗaiɗaikun zubi kan ba da abin da ya gaza jimilla nesa ba kusa ba. Ma'anar wannan lamba ɗaya ce: kimanin sararin da za a samu idan aka goge wannan zubin shi kaɗai a yau.

Wannan ne kuma ke sa rabon kuɗi ko sarari tsakanin sassan ma'aikata ya yi wuya idan suna tarayya a ma'ajiya ɗaya, domin babu hanyar lissafi da za ta ce ga mai gutsuren da kwamfutoci hamsin ke amfani da shi. Masu sayar da lasisi ma sun kasu, wasu suna ƙirga girman bayanan da ake karewa, wasu girman da aka ajiye, kuma ya kamata a san wanne ne a yarjejeniya.

Waɗanne bayanai ne ba sa raguwa?

Hotuna irin JPEG, bidiyo irin MP4 da fayilolin ZIP an riga an matse su, saboda haka matsewa ba ta ƙara musu komai, kuma da wuya biyu daga cikinsu su yi tarayya a wani yanki sai in kwafin juna ne. Duk da haka, idan ba su canza ba, zubi na biyu ba zai sake ajiye su ba. Matsalar ta fi tsanani ga fayil ɗin da ake sake matsewa ko sake kullewa da mabuɗi kullum kafin a miƙa wa manhajar ajiya, kamar kwafin rumbun bayanai. Ƙaramin canji a ciki kan sauya kusan duk abin da ya biyo bayansa a matsattsen fayil, kullewa da mabuɗi kuma an tsara ta ne domin sakamakon ya fito daban kowane lokaci. Tsarin da ya dace shi ne a fara cire maimaici, sannan a matse, sannan a kulle, kuma haka manhajojin ajiya masu kullewa suke yi da kansu. Abubuwan da suka fi raguwa su ne faifan kwamfutocin kwaikwayo (waɗanda ke gudana a matsayin manhaja a cikin wata kwamfuta) masu tsarin aiki iri ɗaya da foldar ma'aikata inda takarda ɗaya ke yawo a hannu da yawa.

Sannan cire maimaici yana da iyakar fili. Ma'ajiya biyu daban ba su san abin da ke cikin juna ba. A restic kowace ma'ajiya tana da nata ma'aunin yanka da aka zaɓa lokacin ƙirƙirarta, don haka wanda zai riƙa kwafe zubi daga wata zuwa wata ya kamata ya ƙirƙiri ta biyun da ma'aunin ta farko, in ba haka ba fayil ɗaya zai iya cin wuri sau biyu a cikinta.

Yaya lamarin yake idan faifan da ake kwafewa shi ma yana cire maimaici?

A nan lambobin sukan juye, kwafi ya fi asali girma. Windows Server ya samu wannan fasaha tun fitowar 2012. Yana yanka fayiloli zuwa gutsattsari na kilobait 32 zuwa 128, ya tara su a wani ɓoyayyen wuri a kan faifan, ya bar ishara a madadin kowane fayil, shi ya sa girman fayil a kan faifai kan nuna sifili ko kusa da haka. Manhajar da ta kwafe faifan yadda yake, haɗe da taskar gutsattsarin, za ta samu ƙaramin girma. Wadda ta buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya kuwa za a miƙa mata kowanne a cike, sai faifan terabait 2 ya haifar da karatun terabait 5 ko fiye. A ZFS ma, wani tsarin tsara fayiloli a faifai mai iya cire maimaici, lissafin kowane sashen bayanai ba ya nuna ragin, sai an duba tafkin faifan gaba ɗaya.

Wani dangin wannan shi ne fayil ɗaya mai sunaye da yawa a kan faifai. Time Machine, tsarin ajiya na Apple, wanda ya fito a 2007, ya daɗe yana amfani da wannan dabara kafin ya koma tsarin APFS a macOS Big Sur a 2020, kuma wani tsarin ajiyar mai suna rsnapshot har yanzu da ita yake aiki. Kowace foldar rana takan bayyana kamar cikakken kwafi, alhali fayilolin da ba su canza ba abu ɗaya ne a ƙasa. Umarnin du, mai auna sararin da fayiloli suka ci a faifai, yakan ƙirga irin wannan fayil sau ɗaya a inda ya fara cin karo da shi, wasu manhajojin kuma su ƙirga kowane suna. Idan aka kwashe irin wannan ajiya da abin da bai san wannan haɗi ba, kowane suna zai zama cikakken fayil, sabon faifan ya cika tun ba a yi nisa ba.

Akwai ɗan bambanci na kashi 7 zuwa 10 da na kasa gano tushensa.

Wataƙila ma'auni ne. Gigabait bait 1,000,000,000 ne, gibibait kuma 1,073,741,824, sunan da hukumar IEC ta tsayar a 1998. Windows yana lissafi da na biyun amma yana rubuta GB, macOS kuma ya koma na farkon tun 2009. Faifan terabait 1 kimanin gibibait 931 ne. Ban da haka, tsarin NTFS na faifan Windows yakan ba da wuri a rukunin kilobait 4, ta yadda ƙananan fayiloli masu yawa kan ci faifai fiye da jimillar girmansu.

Nawa ne sararin da nake buƙata ranar maidowa?

Girman asali na zubin da za a maido, da ɗan ƙari. Ƙanƙantar ma'ajiya ba ta da amfani a wannan lissafin. Maidowar kuma na iya yin jinkiri fiye da yadda girman ya nuna, musamman a faifai mai juyawa, saboda gutsattsarin fayil ɗaya na iya kasancewa a warwatse cikin ƙunshin da aka rubuta a watanni daban-daban.

Ba za a samu gutsattsari biyu daban masu tambari ɗaya ba, a rasa bayanai?

Da SHA-256, yiwuwar haka bisa tsautsayi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ta yi ƙasa nesa da yiwuwar faifan ya lalace. Tsohuwar ƙa'idar SHA-1 ce masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka nuna a 2017 cewa za a iya ƙera mata fayiloli biyu masu tambari ɗaya da gangan, kuma sai da suka yi amfani da ƙarfin kwamfuta mai yawan gaske.

Haɗarin da ya fi damuna wani ne daban. Wanda ke ganin zubi 30 a jeri yakan ji kamar yana da kwafi 30, alhali fayil ɗin da bai canza ba kwafinsa ɗaya ne a ƙasa. Idan gutsuren nan ɗaya ya lalace, fayil ɗin ya lalace a dukan zubin 30 lokaci guda, tare da duk wani fayil da ke tarayya a cikinsa. Yawan zubi yana kare mutum daga gogewa ko gyara bisa kuskure, amma ba ya kare shi daga mutuwar faifan ma'ajiya. Wannan sai ma'ajiya ta biyu a kan wani faifan daban, a wani wuri daban.

Idan lambobin ba sa tabbatar da komai, ta yaya zan san ajiyata cikakkiya ce?

A fara da lambobi biyu da ya kamata su tsaya kusa da na jiya: adadin fayilolin da aka duba da girman asali. Idan ɗaya ya faɗi kwatsam, mai yiwuwa wani faifai bai haɗu ba ko an rasa izinin wata folda. Idan kuma abin da aka ƙara a ma'ajiya ya yi tsalle ba tare da dalili ba, a bincika nan take, domin ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli don neman fansa takan sa kowane gutsure ya zama sabo a dare ɗaya.

Bayan haka a gudanar da binciken lafiyar ma'ajiya, tare da sanin cewa yana da mataki biyu. Binciken check na restic, idan ba a ƙara masa komai ba, tsarin ma'ajiya da kundi yake dubawa, sai an haɗa shi da read-data yake karanta ainihin bayanan, kuma ana iya raba karatun kashi-kashi idan ma'ajiyar babba ce. A BorgBackup zaɓin verify-data ne ke buɗe kowane gutsure ya sake lissafa tambarinsa. Daga ƙarshe, lokaci zuwa lokaci a maido da folda guda zuwa wani wuri daban, a ƙirga fayilolinta da abin da aka ƙirga na asalin, a kwatanta tamburan ɓangarorin biyu, sannan a buɗe wasu daga cikin fayilolin a gani da ido.